YARON MINNA DA AKA CE YA GOGE LITTATTAFAI KADA YA KARANTA

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa a tashar Iddo ta Ikko ya nufi gida Arewa, ya san cewa idan aka ƙetare gadar Jabba, aka wuce Zungeru, to sai Minna. A nan ne hanyar da ta taso daga Ikko ta gamu da wadda ta fito daga Baro, kuma wannan mahaɗa ita ta tara wa garin baƙi tun zamanin Turawa. Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo duk suka zo neman abinci, suka tarad da Gwari masu ƙasa, aka zauna tare.

Cikin ma'aikatan reluwe da aiki ya kawo Minna akwai wani mutumin ƙabilar Urhobo mai suna Silver Okri, da matarsa Grace. Ran 15 ga watan Maris 1959 Allah ya ba su ɗa namiji a garin, suka sa masa suna Ben. Wannan yaro shi ne Ben Okri, wanda a 1991 ya ci kyautar Booker, watau babbar kyautar da ake ba marubutan ƙagaggun labarai na Ingilishi a birnin Landan, yana da shekara 32 a duniya.

Labarin yadda ya yi karatu a zamanin samartakarsa abin dubawa ne ga duk magidancin da ke renon 'ya'ya nesa da gida, ko a Agege, ko a Sabo ta Badun, ko a Fatakwal. Shi ɗan Kudu ne da aka haifa a Arewa, 'ya'yan masu karanta wannan shafi kuwa 'yan Arewa ne da aka haifa a Kudu, amma matsalar ɗaya ce: me yaro zai karanta, kuma wa zai ba shi labarin gida?

A GOGE, KADA A KARANTA

Ben bai cika shekara 2 ba ubansa ya kwashe su zuwa Landan domin ya koyi aikin lauya. A can yaron ya fara makarantar firamare, a unguwar Peckham. Bai kai shekara 10 ba suka komo Nijeriya, uban ya kafa aikinsa a Ikko, yana tsaya wa talakawa a kotu, sau da yawa ma ba ya karɓar cikakken lada. Ba a daɗe ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, kuma da yake uwar tana da jinin Ibo, gidan ya sha zaman ɗar-ɗar har aka gama yaƙin a 1970.

Cikin kayan da lauyan ya ɗauko daga Ingila akwai littattafai masu yawa na manyan marubutan Turai. Nufinsa shi ne in ya sami sukuni ya zauna ya karanta, amma hidimar shari'a ba ta bar shi ba. Ben ya sha gaya wa 'yan jarida cewa aikin da ubansa ya ɗora masa game da littattafan nan shi ne ya riƙa kakkaɓe musu ƙura, amma kada ya karanta. To, an san halin yaro, abin da aka hana shi shi yake ɗoki. Yana gogewa yana leƙawa, har leƙe ya zama karatu.

Abin da ya ƙara ba shi dama kuwa shi ne wani rashin sa'a da ya same shi. Ya yi sakandare a Urhobo College ta Warri, kuma burinsa duka ya zama masanin kimiyya. Yana ɗan shekara 14 ya nemi shiga jami'a ya karanta fizis, aka ce ya yi ƙanƙanta. Sai ya koma gida Ikko ya zauna, ba makaranta ba aiki. Wani yaron da yawon banza zai shiga, shi kuwa sai ya faɗa cikin kabad ɗin ubansa. Wani hani ga Allah baiwa ne.

TATSUNIYA DA LITTAFIN MANYA

Karatun nasa kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne na labaran mamaki, irin waɗanda ake yi da aljanu da dabbobi masu magana. Ya karanta tatsuniyoyin Aesop na tsohuwar ƙasar Girka, inda dila da kunkuru da zaki suke yin abin da Gizo da Ƙoƙi suke yi a ƙasar Hausa. Ya karanta Alfu Laila, wanda Hausawa suka sani da Dare Dubu Da Ɗaya. Ya karanta wani wasan Shakespeare mai suna A Midsummer Night's Dream, inda aljanun daji suke ɗiga wa masu barci wani magani a ido, kowa ya farka ya kamu da son wanda ya fara gani, har sarauniyar aljanu ta so wani mutum da aka mayar wa da kai na jaki.

Kashi na biyu shi ne na littattafan da malaman makaranta suke kira na manya, watau waɗanda suka daɗe ana karantawa ba su tsufa ba. A nan ya bi ta kan Charles Dickens da Jane Austen na Ingila, da Mark Twain na Amurka, da manyan marubutan Rasha, har ya kai ga littattafan hikima na su Aflatun da Aristo.

Mutane da yawa suna ɗaukar kashin farko wasan yara, na biyun kuma shi ne ilmi. Shi Ben bai raba su haka ba, kuma dalilinsa yana cikin gidansu. Uwarsa mace ce mai tatsuniya. Ya ce in ta ga ya yi ba daidai ba, maimakon ta yi masa faɗa sai ta ba shi labari, ta bar shi ya gano ma'anar da kansa. Saboda haka da ya buɗe littafin Aesop, bai ga baƙon abu ba. Abin da ya gani shi ne ashe Girkawa da Larabawa su ma suna da iyaye mata masu tatsuniya, bambancin kawai nasu an rubuta.

Lalle kuwa wanda ya duba da kyau zai ga kashi biyun suna shiga juna. Dickens, wanda ya rubuta Oliver Twist a kan marayun Landan da ɓarayin da ke koya musu yankan aljihu, shi ne kuma ya rubuta labarin wani attajiri marowaci da fatalwa suka ziyarta cikin dare har ya tuba. Marubucin ƙwarai yakan ɗauko aljani ya sa cikin labari ne domin ya faɗi wata gaskiya game da ɗan Adam wadda ba ta faɗuwa kai tsaye.

DAGA KARATU SAI RUBUTU

Wanda ya sha karatu, hannunsa yakan yi ƙaiƙayi. Saurayin ya fara da waƙoƙi, sa'an nan ya shiga rubuta maƙaloli a kan wahalar da talakawan unguwanninsu suke sha, amma jaridu ba su kula su ba. Da ya ga haka sai ya mai da maƙalolin nan gajerun labarai, nan da nan mujallun mata da jaridun yamma suka fara bugawa. A nan ya gane cewa abin da mutane suka ƙi saurara in an faɗa musu a fili, sukan karɓa in an naɗe shi cikin labari, kamar dai yadda uwarsa take yi masa.

A 1978 ya koma Ingila, ya shiga Jami'ar Essex da taimakon kuɗin gwamnatin Nijeriya. Kuɗin suka yanke, har ta kai shi ga kwana a lambunan shaƙatawa da ɗakunan abokai. Duk da haka littafinsa na farko, Flowers and Shadows, ya fito a 1980, yana da shekara 21.

Littafin da ya ba shi kyautar 1991 shi ne The Famished Road, kuma a cikinsa ne karatun nan kashi biyu ya haɗu. Tauraron labarin wani yaro ne mai suna Azaro, irin yaran da Yarabawa ke kira abiku, Ibo su ce ogbanje, Hausawa kuwa su ce ɗan wabi, watau wanda ake haifa ya koma, a sake haifa ya sake komawa. Azaro ya ƙudura zai zauna a duniya saboda tausayin uwarsa, abokansa na ɓoye kuwa suna ta jansa. Amma a gefe guda ga ubansa ɗan dako, ga uwarsa mai talla, ga mai gidan haya yana matsa musu, ga 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a sun raba madarar gari wadda ta sa unguwa duka amai. Duk mai zaman haya a Ikko zai ga kansa cikin littafin.

Da masu sharhi na Turai suka laƙaba wa salon nasa sunan tsafi, Okri bai yarda ba. Ya ce shi ya tashi ne cikin mutanen da a wurinsu labarin kakanni da iskoki da mafarki duk suna cikin zaman yau da kullum, don haka abin da ya sani ya rubuta. A 2023 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir saboda hidimar adabi.

BA SHI KAƊAI BA NE

Ƙasar da ta zama Jihar Neja a 1976 ta daɗe tana fid da irin waɗannan mutane. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, ubansa maharbin giwa ne kuma gwanin ba da labari. Da yaron ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Badun sai ya duƙufa kan littattafan jarumtaka na Turawa, irin na Rider Haggard, daga baya ya rubuta nasa a kan Arewa, kamar The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass, wanda ke ba da labarin wani Bafillace da aka yi wa kurciya. Ya rasu a 2007.

Uwa uba kuwa Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911. Ya tashi da karatun Arabiyya a gidan malamai, kana ya shiga Kwalejin Katsina a 1927 ya haɗa da na boko. Da Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labarai a 1933, Imam ya shiga da Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, wansa Malam Bello Kagara kuma ya shiga da Ganɗoki. Littattafan nan biyu cike suke da aljanu da ƙasashen mamaki, kuma su ne suka zama littattafan manya na Hausa, waɗanda ake karantawa a makarantu.

Magana Jari Ce ma, wanda Imam ya rubuta a Zariya a 1936, daga irin wannan karatu ya fito. Ya tsinto labarai daga Alfu Laila, da littattafan Larabawa da na Indiya, da tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu riga da rawani, ya ɗora su a bakin aku mai hana Musa ɗan Sarki fita. Da Imam bai yi karatun tatsuniyoyin wasu ƙasashe yana saurayi ba, da Hausawa ba su sami wannan jari ba.

Har yanzu kuwa Minna ba ta bar gado ba. Malam B.M. Dzukogi ya kafa ƙungiyar Hill-Top, wadda ke tara yaran sakandare tana koya musu karatu da rubutu, har ta buga wa waɗansunsu littattafai tun ba su gama makaranta ba.

ABIN LURA GA IYAYE

Yaran yanzu suna da nasu labaran mamakin. Waɗansu suna karanta Harry Potter, wanda ya fara fitowa a 1997, waɗansu kuma littattafan 'yan asalin Nijeriya irin su Nnedi Okorafor, galibi ma a cikin wayar hannu suke karantawa. Uba yakan ga ɗansa ya duƙufa kan irin wannan ya ce ɓata lokaci ne, ga jarrabawa tana tafe. Tsoron nasa yana da tushe, gama ba kowane littafi ne ya dace da yaro ba, kuma wajibi ne uba ya san abin da ke hannun ɗansa. Amma wanda ya saba zama da littafi don daɗi, littafin makaranta ba ya yi masa nauyi.

Babban haɗarin da ke kan yaron da aka haifa a Kudu shi ne ya iya karanta labarin kowa ban da nasa. Yana jin Hausa a gida, amma in an ba shi takarda sai ya yi ta in-ina. Maganin abin ba shi da tsada. Duk wanda ya je ganin gida, to cikin tsarabar kilishi da daddawa ya sa Magana Jari Ce, da Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Iyaye mata kuma kada su ga an zo birni su bar tatsuniyar dare, gama ita ce ta buɗe wa Ben Okri ƙofar littattafan ubansa.

In kuwa an kawo littattafan yaro ya ƙi kula su, to ga dabarar Lauya Okri nan: a ajiye su inda ido zai gani, a ba yaro tsumma, a ce ya goge kada ya buɗe. Allah ya shirya zuriya, ya ba su ilmi mai amfani.