Malik na Bankin Amurka

A ƙarshen shekarar 2019 wani attajiri a ƙasar Ƙatar yana neman rancen dala miliyan 15 don ya gina makaranta. Wani ɗan Kenya, Abdulrahman Juma, ya ce zai shige masa gaba. Ba a jima ba aka haɗa shi da wani Malik, wai babban ma'aikacin bankin Wells Fargo a Amurka. Ga shafin banki a intanet, ga lambar waya da na'ura ke amsawa kamar ta bankin gaske. Sai dai kafin rance ya fito akwai kuɗin takardu, bayan su kuma haraji, bayan haraji wani abin daban. Bawan Allah ya yi ta biya har sama da dala miliyan 1 ta fita daga hannunsa.

Babu wani Malik. Mai maganar Ramon Abbas ne, haifaffen Legas, wanda a lokacin mutum sama da miliyan 2 ke bi a Instagram da sunan Hushpuppi. A lokacin yana zaune a Palazzo Versace a Dubai, kullum cikin kayan Gucci, yau ga shi jingine da Rolls-Royce, gobe cikin jirgin haya. In an tambaye shi sana'a sai ya ce harkar gidaje. Daga kuɗin makarantar nan ya sayi agogon Richard Mille na kusan dala 230,000, ya kuma sayi takardar zama ɗan ƙasar Saint Kitts da Nevis.

Mutane na ɗauka irin wannan sata sai gwanin kwamfuta mai fasa asirin banki. Akwai masu yin haka, amma aikin Abbas ya fi karkata ga tanadar asusun da kuɗin sata za su faɗa, a kwashe su kafin mai su ya farga. A Fabrairun 2019, da aka wawushe kusan dala miliyan 14.7 daga wani banki a tsibirin Malta, satar da Amurka ta ɗora wa masu kutsen Koriya ta Arewa, shi ya ba da wasu asusun da aka tura kuɗin. A Oktoban shekarar wani ofishin lauyoyi a jihar New York ya samu saƙon da ya yi kama da na banki, komai daidai, lambar asusu kawai aka sauya. Suka tura dala 922,857 da hannunsu.

Wannan dabarar ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Dillalin albasa a Ramin Kura da ya shekara yana ciniki da mutum ɗaya a Kudu, in saƙo ya shigo masa ta WhatsApp da hoton mutumin da irin gaisuwarsa, ana cewa asusuna ya samu matsala, tura ta wannan, sau nawa zai tsaya ya buga waya ya ji murya? Kunya ma kan hana shi, kada a ce bai yarda da abokin cinikinsa ba.

Mu koma Ƙatar, don nan labarin ya shigo gida. Rabon ganima ya haɗa 'yan damfarar faɗa. Kelly Chibuzo Vincent, wanda ya shirya shafin bankin na bogi, ya ga an cuce shi, sai ya tuntuɓi attajirin ya ce masa damfararsa ake yi. Bisa takardun da hukumar FBI ta gabatar wa kotu a Kalifoniya, Abbas bai yi wata-wata ba ya nemi Abba Kyari, mataimakin kwamishinan 'yan sanda mai jagorantar rundunar IRT a lokacin. Wannan shi ne Kyarin da ya kama Evans mai garkuwa da mutane a Legas a 2017, wanda rundunarsa ta sake cafke Hamisu Wadume, da ake zargi da garkuwa da mutane, a Kano a 2019, wanda mu 'yan Arewa muke bugun ƙirji da shi a lokacin. Takardun sun ce a Janairun 2020 aka kama Vincent aka tsare shi kusan wata guda, Kyari ya aika wa Abbas hotonsa a tsare, ya kuma aika lambar asusun da za a sa kuɗi. Wato wanda ya tona asiri shi ya kwana a bayan kanta, ciniki kuma ya ci gaba.

Kyari ya musanta. Ya rubuta a Facebook cewa an kai masa ƙarar barazanar kisa ne ya bincika, kuɗin da aka tura kuwa naira 300,000 ne na ɗinkin kaya da huluna da Abbas ya gani ya yi sha'awa. Kowa ya auna wannan bayani da kansa.

A Yunin 2020 'yan sandan Dubai suka dira wa Abbas da mutanensa cikin dare. Sun ce sun samu tsabar kuɗi sama da dirhami miliyan 150, motocin alfarma 13, kwamfutoci 21, wayoyi 47, da adireshin imel na mutum kusan miliyan 2. A cikin wannan watan na Yuni ne Majalisar Wakilai a Abuja ta gayyaci Kyari ta karrama shi, ana ta tafi. Abin dariya shi ne yadda Abbas ya sauƙaƙa wa masu bincike aiki. Imel da lambar wayar da ya buɗe Instagram da su sun kai su gare shi, hotunan bikin ranar haihuwarsa da yake sawa a watan Oktoba kuma suka dace da ranar da ya rubuta a takardar neman bizar Amurka.

Abbas ya amsa laifi a Afrilun 2021. A Yuli aka bayyana tuhumar da ta ambaci Kyari, ranar 1 ga Agusta aka dakatar da shi daga aiki. A Fabrairun 2022 kuma NDLEA ta riƙe shi kan wata tuhumar dabam ta hodar ibilis. Da gwamnatin tarayya ta nemi izinin miƙa shi ga Amurka, Mai Shari'a Inyang Ekwo na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yi watsi da buƙatar a Agustan 2022, saboda yana da shari'a a gida da ba a gama ba.

Ranar 7 ga Nuwamban 2022 alƙali Otis Wright a Los Angeles ya yanke wa Abbas ɗaurin wata 135. Ya kuma umarce shi ya biya ofishin lauyoyin nan kuɗinsu cif, ya biya attajirin Ƙatar dala 809,983.