Kwana 312 a Cikin Suhaili

Ranar 14 ga Yuni 1968 wani Bature ɗan Ingila mai shekara 29, Robin Knox-Johnston, ya bar tashar Falmouth shi kaɗai a cikin ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin wanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye. Sunan jirgin Suhaili, a Bombay ta Indiya aka ƙera shi, tsawonsa bai kai mita goma ba. Gasa ya shiga, wadda jaridar Sunday Times ta sa: a zagaye duniya ta teku, mutum ɗaya tak, ba yada zango, ba karɓar taimakon kowa. Mutum tara suka shiga.

Abin da ya fi kama ni a labarin nan shi ne yadda yake wuni. Bai yi nisa ba, wajen tsibiran Kef Bade, ya ga ruwa na shigowa ta ƙasan jirgin. Ya nutsa ya duba, sai ga tsaga tsakanin katakai. Ya ɗinka auduga a jikin dogon ƙyalle mai kauri, ya shafe da kwalta, ya dinga nutsewa yana buga ƙusoshi a ƙarƙashin ruwa, numfashi ɗaya ƙusa ɗaya. Ana cikin haka wani kifin shak ya zo yana kewaya jirgin, ya ƙi tafiya. Ya hau sama ya ɗauko bindiga ya harbe shi, sa'an nan ya koma cikin ruwan, gabansa na faɗuwa, ya ƙarasa aikinsa.

Da ya shiga tekun kudu, inda sanyi ke ratsa ƙashi, wata igiyar ruwa ta kwantar da jirgin a gefe cikin dare. Ruwan shan da ke cikin tankunansa ya gurɓace. Tun daga nan sai ruwan sama: in hadari ya taso ya tare abin da ke gangarowa daga ƙyallen jirgi a bokiti, ya adana. Rediyon da yake aika saƙo da shi ma ya mutu. Na'urar da ke riƙe masa akalar jirgi in zai yi barci ta yi ta karyewa yana gyarawa, har ta ƙi gyaruwa kafin ya wuce Ostareliya. Dole ya koyi saita ƙyallayen yadda Suhaili za ta miƙe da kanta, ko kuwa ya zauna riƙe da akala sa'o'i da yawa, tufafinsa sharkaf.

Abinci kusan duk na gwangwani ne, nama da wake, yau shi gobe shi. Hanya kuwa da rana da taurari yake gane ta, ya auna tsayinsu, ya yi lissafi da fensir a kan taswira. Allura da zare ba sa barin hannunsa, domin iska kullum sai ta yaga wani abu. Wata rana yana ɗinki, ya sa haƙori zai ƙara ɗaure ƙulli, ashe ya haɗa da gashin bakinsa. Sai da ya fizge, da zafinsa da komai. In teku ta lafa kuma, yakan yi tsalle daga gaban jirgi ya yi iyo, ya kama igiyar da jirgin ke ja a baya ya hau. Da hannunsa ya kuskure igiyar nan, shi ke nan.

Bayan ya bar gaɓar Niyu Zilan a watan Nuwamba, sama da wata huɗu ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ya wuce Kef Hon ranar 17 ga Janairu 1969, ya cika shekara 30 a tsakiyar Atilantika, a gida kuwa wasu sun fara fid da rai. Sai farkon Afrilu ya yi wa wani jirgin dakon mai alama da fitila, labari ya isa Ingila cewa yana raye.

Ya shigo Falmouth ranar 22 ga Afrilu 1969, shi kaɗai cikin taran nan ya kai ƙarshe. Kyautar fam 5,000 da ya ci, ya miƙa wa iyalan Donald Crowhurst, abokin takararsa da aka tsinci jirginsa a teku babu kowa ciki. Ranar da ya iso, jami'in kwastan ya hau Suhaili, duk ta yi tsatsa fenti ya kwaye, ya yi masa tambayar da ake yi wa kowane jirgi, daga ina? Ya ce daga Falmouth.