Sauya Injin Mota: Abin da Doka ta Nema da Abin da Birki ke Nema

Da zarar kaka ta kama, aka fara fitar da masara da waken suya daga ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Kafur, garejojin Funtuwa da Malumfashi ba sa rabuwa da aikin sauke inji. Direban da ya lallaɓa motarsa duk damina tana hayaƙi tana shan baƙin mai, yanzu yake so ya ɗora mata sabon inji kafin lodi ya wuce shi. A irin wannan lokaci ne wata magana kan dawo bakin mutane a tasha: wai yanzu duk wanda ya sauya inji sai ya nemo takardar shaidar injiniya, in ba haka ba a ƙwace motar a hanya. Wasu sun tsorata sun fasa, wasu kuma sun ce zancen banza ne, babu mai leƙa lambar inji. Duka ɓangarorin biyu sun kauce.

Maganar ta yi ƙarfi ne tun watan Yulin 2024, lokacin da Sufeto-Janar na 'Yan Sanda Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar cewa daga ranar 29 ga watan za a fara tilasta rajistar motoci ta intanet da ake kira e-CMR. Cikin abubuwan da rajistar ta ƙunsa akwai sauyin mamallakin mota da sauyin inji da na shasi. Jama'a da ƙungiyar lauyoyi suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da tilastawar. Sanarwar farko ta iso tasha, ta biyun ba ta iso da ƙarfinta ba, kuma a hanya aka yi wa labarin ƙarin gishiri.

Takardar injiniya gaskiya ce, amma a wasu ƙasashe. A jihar New South Wales ta Ostireliya, wanda ya ɗora injin da kamfani bai taɓa yin wannan motar da shi ba, sai ƙwararren da gwamnati ta ba lasisi ya duba aikin ya sa hannu kafin motar ta hau titi. Haka abin yake a New Zealand, a Jamus ma sai masu binciken motoci irin su TÜV sun amince da gyaran. A Ingila kuwa, a sauyi na yau da kullum, abin da ake so shi ne ka sanar da hukumar DVLA sabuwar lambar inji da girmansa, ka haɗa da shaida kamar rasit ko wasiƙar gareji, a gyara takardar motar.

Tsarinmu ya fi kama da na Ingila. Ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012, waɗanda aka yi a ƙarƙashin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007, sun ɗora wa mai mota alhakin sanar da ofishin lasisi idan bayanan da aka yi wa motar rajista da su suka sauya, kuma lambar inji na cikinsu. Ofishin lasisi yana ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jiha, duba lafiyar mota kuma aikin jami'an VIO ne, su ke ba da takardar cewa mota ta cancanci hawa titi. Wanda ya sauke injin Golf ya mayar da injin Golf irinsa, ba a neman ya kawo hatimin injiniya. Ana neman ya je a gyara takardunsa, lambar da ke jikin ƙarfe ta dace da wadda ke jikin takarda.

Nan ne sakacinmu yake. Mutum zai tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ƙirga maƙudan kuɗi ya sayi injin Beljiyam, a ɗaure masa a bayan a-kori-kura, ya kamo hanya ba tare da ya karɓi rasit ba. In ma an ba shi, sai ka ga an rubuta "inji ɗaya" da kuɗin kawai, babu lamba, babu adireshin shago. Alhali lambar tana nan a bugge a jikin injin, ƙarƙashin dattin baƙin mai, tsumma da ɗan fetur sun isa su fito da ita a minti biyu. Ɓarayin mota sun fi son su farke mota su sayar da ita gunduwa-gunduwa, kuma inji ne ya fi kuɗi a ciki. Ranar da aka bi sawun motar sata aka tarar da injinta a cikin taka, kai za a tambaya inda ka samo shi, kuma karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa. Haka nan inshora, wadda 'yan sanda suka fara tilastawa daga 1 ga Fabrairun 2025, da bayanan motar ake yin ta. Idan tsautsayi ya afku aka zo biyan diyya, saɓanin lamba ƙofa ce da ka buɗe wa kamfani da hannunka ya ja maka rai.

Wannan duk zancen takarda ne. Abin da ya fi damuna shi ne wani tunani da ya zauna daram a kan direbobi da masu motocin lodi, cewa in ka sa wa mota babban inji to ta zama babbar mota. Sai ka ji mutum yana alfahari: "Na sa mata inji mai silinda shida, yanzu ko buhu nawa aka ɗora mata ba ta ji." Ita dai ba ta ji a wajen ja. A wajen tsayawa tana ji sosai.

Duk manomi ya san amalanken jaki. A ce ka kwance jakin ka ɗaura bijiman huɗa biyu ƙosassu a madadinsa. Ja kam za su ja, har ka ga kamar kayan ba nauyi, ka ƙara buhu a kan buhu. Amma gatarin amalanken na jaki ne, tayoyin na jaki ne, katakon da ƙusoshin duk don ƙarfin jaki aka yi su. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ga komai ba. Sai an zo gangaren rafi, nauyin ya turo daga baya, a nan za a gane cewa ƙarfin da aka ƙara na tafiya ne kawai, ba a ƙara na riƙewa ba. Mota ma haka take. Kamfanin da ya ƙera ta ya auna faɗin birkinta da kaurin sifirin da shokozoba da giyabos da lagireto daidai da injin da ya sa mata. Ka sauya ɗaya, sauran suna nan a yadda suke.

Lissafin bai da wuya. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi, kuma wannan ƙarfi ba ya hawa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Idan gudu ya ninka sau biyu, aikin da ke kan birki ya ninka sau huɗu. Motar da tsohon injinta ba ya wuce kilomita 80 a awa da kaya, in sabon ya kai ta 120, birkin nan nata zai sha zafin da ya fi na da sau biyu da kwata, tun kafin a ƙirga ƙarin buhunan da aka ɗora. Birki in ya yi zafi ya wuce ƙima sai ya daina kamawa, direba ya taka har ƙasa motar na tafiya. Ga hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi a ranar kasuwa: babura, 'yan makaranta, garken shanu na tsallakawa. Sannan in injin dizal aka ɗora, ya fi na fetur nauyi, yana danne gaban mota, ya sauya yadda take shan kwana. Inda ƙafafun inji ba su dace da mazauninsu ba, sai a kira mai walda ya yi dabara, a tsawaita tiyon mai, a haɗa wayoyi da salatif kusa da salansa. Gobarar mota da yawa daga irin wannan haɗi take tashi.

Masu mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, waɗanda suka ƙaru tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, nasu ya fi tsanani. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan man NIPCO a birnin Benin, aka gano tukunyar gas ɗinta haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Wannan aiki na cibiyoyin da hukuma ta tantance ne kaɗai, ba na kowane gareji ba.

Makanikanmu ba su da ƙarancin basira, da hannunsu motocin da Turai ta yar tun shekaru talatin suke ciyar da gidaje. Abin da babu shi ne mai duba aikin bayan an gama. Da hukumomi sun ba da ƙarfi wajen gwada birki da sitiyari kamar yadda suke ba da shi wajen duba ranar ƙarewar takarda, da an rage zawarawa da marayu. Kuma da an liƙa matakan sauya lambar inji da kuɗinsa da Hausa a ƙofar kowane ofishin lasisi, aka bi ta ƙungiyar direbobi da rediyo aka bayyana, da 'yan kamasho ba su samu abin tsorata mutane da shi ba.

Kafin a kai ga haka, mai mota ya taimaki kansa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da sunan shago da adireshinsa, ka duba lambar da idonka kafin ka biya. Ka je ofishin lasisi da kanka a gyara bayanan, ka sanar da kamfanin inshora, ka kai motar a duba ta. In da hali ka mayar da irin injin da aka ƙera ta da shi. In kuwa dole sai babba, to kuɗin birki da sifirin da lagireto na cikin kuɗin injin, wanda bai da su bai shirya sauya inji ba. Rayukan fasinja da na masu tafiya a gefen titi amana ce a wuyan direba da mai mota.