Me Ya Sa Maganin Sauro Ba Ya Kashe Sauro Kamar Da?

Da zarar damina ta kankama a Na'ibawa, kwatoci suka cika da ruwa, sai kokawa da sauro ta tashi. Magidanci zai fesa magani, ya kunna na hayaƙi, ya kafa gidan sauro, amma tsakar dare kukan yana nan a kunne. Da yawa kan ce jabu aka sayar musu. Jabun kam akwai shi a kasuwa, sai dai ko maganin na gaske ne, sauron kansa ya sauya.

Masana kimiyya na kiran abin da ke faruwa zaɓin yanayi. Turawan Ingila biyu, Charles Darwin da Alfred Wallace, su suka gabatar da bayaninsa a 1858, sannan Darwin ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1859.

Yadda abin ke aiki

Na farko, 'ya'yan jinsi ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak. A cikin dubban sauro, 'yan kaɗan kan zo da wani sauyi a ƙwayoyin halittarsu da ke sa guba ba ta kama su sosai. Na biyu, ana gadon wannan sauyi. Na uku, maganin kan zama kamar rariya: marasa juriya su mutu, masu juriya su tsallake su hayayyafa. Sauro kuwa kan girma daga ƙwai cikin kimanin kwana 10 a lokacin zafi, don haka cikin 'yan shekaru jikokin masu juriyar su ne za su cika unguwa.

A lura, ba sauro ɗaya ne ke sabawa da magani ba. Waɗanda suka rage ne kawai ke barin baya.

An ga irin haka a Manchester, birnin masana'antu a Ingila. Hayaƙin gawayi ya baƙanta itatuwa, tsuntsaye suka riƙa tsince wani farin ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, baƙinsa kuwa ya saje. A 1848 aka fara ganin baƙin, kafin ƙarshen ƙarnin ya mamaye birnin. Da aka tsabtace iska, farin ya dawo. Haka ma a ruwan dattin masana'antun jimar fata, irin na Challawa da Sharada, ƙwayoyin bakteriya masu jure sinadarin kuromiyam ne ke samun damar yaɗuwa.

Darasin ga lafiya

Dattawa ba su manta da kulorokwin ba. Ya daɗe yana warkar da zazzaɓin cizon sauro, har ƙwayar cutar mai juriya ta rinjayi sauran, dole Najeriya ta koma magungunan ACT a 2005. Dabarar ACT ita ce haɗa magani biyu, domin da wuya ƙwaya ɗaya ta tsallake rariya biyu lokaci guda. Wannan hikimar ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ba da shawarar amfani da gidan sauro mai sinadari biyu a wuraren da sauro ya daina jin na da.

Shi ya sa likitoci ke nanata a yi gwaji kafin shan maganin zazzaɓi, kuma a shanye shi yadda aka rubuta. Yashe kwata da zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi kuwa na hana sauron wurin yin ƙwai tun farko.