Ganyen Miya Da Ciwon Sukari: A Bar Wa Gida Fangalinsa

Ran nan ina rangadi a ƙasar Bagudo, na bi ta Illo har na kai Lolo, bakin iyakarmu da ƙasar Benin. Fadamar Kogin Kwara duk ta yi shar da shinkafa da albasa. Na ratse gidan wani dattijo da na saba iskewa a lambu, sai na tarad da shi zaune a zaure, ƙafa ɗaure da tsumma. Gyambo ne ya ƙi warkewa wata uku, da aka kai shi asibiti likita ya ce ciwon sukari ne. Ya dube ni ya ce, "Malam, ni da ko shayi ban cika sha ba, ina na samo sukari?"

To, jama'a, tambayar dattijon nan ita ce maganarmu ta wannan mako. Ni ba likita ba ne, malamin gona ne, amma rabin amsar tana cikin lambu.

Ku sani tuwo da shinkafa da fura da rogo, in sun shiga ciki, sukari su ke zama, su bi jini. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, likitoci na ce da shi insulin, shi ke tura sukarin nan cikin tsoka ya zama ƙarfin aiki. In mutum ya manyanta, ya yi teɓa, ya rage motsi, sai jiki ya fara ƙin jin insulin ɗin, sukari ya taru a jini. Akwai kuma gado a ciki. Ciwon ba dare ɗaya ya ke shiga ba, ya kan yi shekaru yana tafiyar hawainiya kafin yawan fitsari da ƙishirwa da rama su tona shi.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Likitocin Sakkwato sun auna Fulanin birni, suka buga sakamako cikin 2011, masu ciwon sun fi 4 cikin 100. Da suka auna Fulanin ƙauye, suka buga cikin 2013, ba su kai 1 cikin 100 ba. Jini ɗaya, amma cima da zama sun bambanta. Mu kuwa nan ƙauye cimar birni ta iso mu. Babur ya karɓe tafiyar ƙasa, farar shinkafa ta inji, wadda aka kankare wa dusa, ta zama ta kullum, ga lemon kwalba a kowace kasuwa.

Ina ganye ya shigo? Cikin 2010 masana na Jami'ar Lesta a Ingila suka tattara binciken da aka yi kan mutum fiye da 220,000. Suka ga waɗanda suka fi cin koren ganye, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 14 cikin 100 bisa na waɗanda ba su cika ci ba. A ƙasar Denmak kuma an bi mutum fiye da 54,000 har shekara 16. Masu cin kayan lambu kamar giram 300 a yini, haɗarinsu ya ragu da kashi 21 cikin 100 bisa na masu cin ƙasa da giram 70. Wani ɓangare na amfanin nan ta hanyar rashin ƙiba ya zo. Watau ganye ya kan cika ciki ba tare da ya ƙara teɓa ba, zare-zaren da ke cikinsa kuma su kan hana sukarin tuwo ya afka jini gaba ɗaya.

A lura, masanan nan ragi suka ce, ba su ce kariya duka ba. Ganye kuma ba ya warkad da wanda ya riga ya kamu. Na sha jin masu talla suna cewa zogale na kashe ciwon sukari. Kada mai ciwo ya yar da maganin asibiti saboda wannan zance.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana, watau kamar cikin tafin hannu sau biyar. Dankali da rogo ba su cikin lissafi. Yanzu kowa ya dubi akushinsa. Malmala uku, miyar kuka tsararo, kukar ma cokali biyu ce aka kaɗa wa mutum goma. Abin da ya fi ba ni mamaki a Bagudo shi ne, mai lambun da ya cika mota da albasa da tumatir zuwa kasuwa, shi ne ba ya da ganye a tukunyar gidansa.

Ga shawarata. Duk mai noman rani ya ware fangali biyu ko uku kusa da bakin ruwa, ya ce wannan na gida ne, ba na sayarwa ba. Alayyafo ya fi saurin biya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi kafin a yafa don kada ya cushe, a zuba ruɓaɓɓen takin shanu. Cikin mako uku zuwa huɗu an fara ci. A riƙa yanka, kada a tuge, zai sake tohowa. In ana yafa sabon fangali bayan kowane mako biyu, miya ba ta yankewa. Rama da lalo da yakuwa, wadda mu nan mu ke ce wa sure, duk haka. Guro kuwa, watau kuɓewa, a jera shi a gefen kunya.

Zogale ba ya son kwancin ruwa, saboda haka kada a kai shi fadamar da Kwara ke cikawa. A kafa reshensa mai tsawon kamu biyu a jikin darni a kan tudu, da farkon damina. In ya yi tsawo a sare kansa don ya yi rassa inda hannu zai kai.

Da kaka, lokacin da ganye ya yi yawa har da tafasa a bakin hanya, a shanya a inuwa, ba a rana ba, a adana don bazara. Iyayenmu mata kuma su yi haƙuri su rage kanwa, su bar dafa ganye har ya yi baƙi. Kwaɗon zogale da ƙuli abinci ne sosai, amma masu barbaɗa sukari a kwaɗon rama don kashe tsami, sun ɓata aikin.

Abu ɗaya da na ke roƙo: fangalin gida kada a yi masa feshi da ragowar maganin shinkafa. In tsutsa ta matsa har aka fesa wanda ya dace da ganye, a duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba, a cika su kafin a yanka.

Wanda ya wuce shekara 40, ko akwai mai ciwon a danginsa, ya je asibiti a auna jininsa ko da yana jin garau. Ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa. Dattijon nan da na ba ku labari ya ce da ni in faɗa muku, shi sai da ƙafa ta ruɓe ya sani.