Akwai tambayar da ta fi ƙarfin kwamfuta?

Kwanaki a wani zaman matasa wani ƙanena ya ce min, "Yaya, nan gaba kaɗan ba tambayar lissafin da za ta gagari kwamfuta." Na ce masa ai tun kafin a ƙera ta aka rufe wannan babin.

A 1928 David Hilbert, babban masanin lissafi na Jamus, ya yi tambaya: shin akwai hanya guda, daki-daki, da za a ba ta kowace jimlar lissafi ta faɗi ko tana tabbatuwa da hujja ko a'a?

Ga misali. Tun 1742 ake fama da hasashen Goldbach: duk lambar da ta wuce 2 kuma take rabuwa biyu ba saura, jimillar lambobi biyu ce da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. 8 ita ce 3 da 5, 20 ita ce 7 da 13. To, ka sa manhaja ta bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya in ta samu wadda ta saɓa. In hasashen ƙarya ne, wata rana za ta tsaya. In gaskiya ne fa? Haka za ta yi ta tafiya har abada, kai kuma kana zaune ba ka san ko ta kusa ba. Kun ga matsalar?

A 1936 Alan Turing na Ingila ya nuna babu manhajar da za ta duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya. Shi da Alonzo Church na Amurka, kowa ta hanyarsa, suka ba Hilbert amsa: a'a.

Kurt Gödel ma ya riga su. A 1931 ya nuna duk tsarin ƙa'idojin da inji zai iya bi, mai ɗauke da tarawa da ninkawa, wanda ba ya tufka da warwara, akwai jimlar da ba zai tabbatar ba, ba kuma zai ƙaryata ba. Tasa jimlar cewa take: "Wannan tsarin ba zai iya tabbatar da ni ba." In ya tabbatar da ita, ya tabbatar da ƙarya. In ya kasa, ta faɗi gaskiya kenan.

Amma fa kar wani ya je yana cewa lissafi shirme ne, wallahi ba haka ba. Goldbach ɗin ma ba wanda ya nuna ba ya tabbatuwa, ana iya wayar gari gobe wani ya kawo hujjarsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.