Ko Kun Sani?

Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin cunkoson Kantin Kwari a Kano ya san Titin Ibrahim Taiwo, amma tambayi masu dakon atamfa ko wane ne mai sunan, ka sha mamaki. Mutumin bai taɓa mulkin Kano ba. Kanal ne na soja, gwamnan Jihar Kwara, wanda yaran Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulki, suka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ranar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas. Shi ya sa Kano ke da titin Taiwo da na Murtala, Ilori, babban birnin Kwara, ma haka. Can Ilori har gida biyu aka raba titin: Taiwo Oke da Taiwo Isale.